NA ZIYARCI WATA BABBAR MAKARANTAR GWAMNATI A GEFEN BIRNIN WASHINTON

Daga wani malamin yaƙi da jahilci na jihar Maraɗi

  

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. A watan Oktoba na shekarar 2024, bayan mun ƙare girbin hatsi, na yi wata tafiya wadda ban taɓa tsammani ba. Yayana ya shekara fiye da 20 a ƙasar Amurka yana tuƙin taksi. Da ya tashi aurar da babbar ɗiyarsa, sai ya aiko mini da kuɗin jirgi don in je in tsaya a madadin dangi. Sati 3 na yi can. Na ga dogayen gidaje, na ga jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin ƙasa. Amma labarin da na kawo muku na wata makaranta ne, wadda ƙaramar ɗiyar yayana ke karatu cikinta.

Ga dalili. Ni karatuna na lakwal bai wuce aji shida ba. Na samu sertifika, aka tura ni kolej can babban gari, nesa da ƙauyenmu. Ba mu da ɗan'uwa a garin, ba mai masauki. Na yi wata 3 ina kwana a zauren mutane, wata rana in ci, wata rana in kwana haka nan. Daga nan na ɗauki kayana na koma gona. Tun lokacin, duk inda na ga makaranta, tambayata ta farko ita ce: wa ke shiga nan, wa ake bari waje?

HANYA DA GARI

Daga Maraɗi na shiga babbar mota zuwa Yamai, tafiyar kilomita fiye da 600, wuni guda cur. Daga filin jirgin sama na Diori Hamani muka tashi zuwa Kazablanka ta ƙasar Maroko. Can muka sake jirgi, muka ƙetare tekun Atlantika, muka sauka kusa da Washinton, babban birnin Amurka. Na tarar agogonsu yana bayan namu da awa 5. Idan ƙarfe 2 na rana ta yi a Maraɗi, su can ƙarfe 9 ne na safe.

Garin da yayana ke zaune sunansa Aleksandiriya. Kada ku ɗauka Iskandariya ce ta Masar, suna ne kawai ya zo ɗaya. Yana cikin jihar Birjiniya, a bakin wani babban kogi mai suna Potomak. Tsakaninsa da tsakiyar Washinton wajen kilomita 11 ne, kamar dai Tibiri da Maraɗi. An kafa shi a shekarar 1749. A ƙidayar 2020 an samu mutane wajen dubu 159 cikinsa. Da yawansu a Washinton suke aiki. Da safe su shiga jirgin ƙasa ko mota su tafi, da marece su komo gida.

Tsohon gari ne mai kyan gani, amma yana da tabo a tarihinsa. Zamanin bauta, babbar kasuwar bayi ce. Yayana ya kai ni wani gida a titin Duke, inda waɗansu fatake biyu, Franklin da Armfield, suka riƙa tara bayi baƙar fata daga 1828 zuwa 1836, suna tura su gonakin auduga da rake na kudu. Yanzu an mai da gidan wurin adana tarihi. Ku riƙe wannan, don sai da shi za ku gane labarin makarantar.

MAKARANTA ƊAYA GA GARI DUKA

A Amurka yaro yana yin shekara 12 yana karatu, ban da ajin share fage. Shekaru 4 na ƙarshe, wato aji 9 zuwa aji 12, su ake yi a babbar makaranta. In an kwatanta da namu, kamar a haɗa ajin ƙarshe na kolej da azuzuwa uku na lise wuri guda.

A duk garin Aleksandiriya, babbar makarantar gwamnati ɗaya ce tak. Ana ce mata Babbar Makarantar Birnin Aleksandiriya, tana kan titin King. Ɗalibanta sun fi dubu 4. Ƙauyenmu duka, da tsofaffi da jarirai, bai kai haka ba.

Na tambayi yayana, na ce: "Yaya, wace jarrabawa yaro ke ci kafin a karɓe shi nan?"

Ya yi dariya ya ce: "Malam, babu jarrabawar shiga. In dai a garin nan kake kwana, ɗanka yana da wuri."

Dokar jihar Birjiniya ta tilasta wa kowane yaro karatu daga shekara 5 zuwa 18. A shekarar 1982 kuma kotun ƙoli ta Amurka ta yanke cewa ko ɗan baƙon da ba shi da takardun zama ƙasa, ba a hana shi makarantar gwamnati. Ba a biyan kuɗin karatu. Ana ba yaro aron littattafai da ƙaramar kwamfuta. Waɗansu manyan motoci masu launin ɗorawa suna bin unguwa unguwa da safe suna kwasar yara, su mai da su bayan an tashi. Akwai abincin safe da na rana, ɗan talaka kuma ba ya biya.

To, ina kuɗin ke fitowa? Mafi yawa daga lanhon gidaje da filaye da mutanen gari ke biya. Jiha tana ƙarawa, gwamnatin tarayya ta ɗan taimaka. Mutanen gari ne ke zaɓen mutum 9 da ƙuri'a, su zama majalisar da ke kula da makarantu. Wannan tsari yana da kyau, yana kuma da aibi. Garin da gidajensa ke da tsada, makarantarsa ta wadata. Garin matalauta kuwa, makarantarsa ma matalauciya ce. Aleksandiriya tana cikin garuruwa masu hali.

DA CAN BA HAKA TAKE BA

Ƙofar da na gani a buɗe, ba haka aka same ta ba. Bayan an hana bauta a 1865, jihohin kudu suka kafa dokokin wariya. Farar fata da makarantarsu, baƙar fata da tasu. A Aleksandiriya makarantar baƙar fata ita ce Parker-Gray, wadda aka buɗe a 1920, aka sa mata sunan waɗansu malamai biyu baƙar fata, namiji da mace. Da fari ƙananan azuzuwa kaɗai gare ta. Yaron da ke son ya ƙare babban karatu sai ya ƙetare kogi zuwa Washinton kullum. Da na ji wannan sai na tuna da zauren da na kwana.

A shekarar 1954 kotun ƙoli ta ce raba yara a makaranta saboda launin fata ya saɓa wa tsarin mulkin ƙasa. Shugabannin Birjiniya suka ce ba su yarda ba. Har an rufe makarantu a waɗansu garuruwan jihar don kada yaran su zauna aji ɗaya.

A lokacin, shugaban makarantun Aleksandiriya shi ne Thomas Chambliss Williams. Ya riƙe wannan aiki shekara 30, daga 1933 zuwa 1963, kuma yana cikin masu son wariya ta ɗore. A 1958 waɗansu iyaye baƙar fata suka kai ƙara don a karɓi ƴaƴansu a makarantun farar fata. Cikinsu akwai wata mata, Blois Hundley, mai dafa abinci a wata ƙaramar makarantar garin. Da Williams ya ga sunanta cikin masu ƙara, sai ya kore ta daga aiki. Amma ƙarar ba ta mutu ba. Ran 10 ga watan Fabrairu na 1959, da umurnin alƙali, yara 9 baƙar fata suka shiga makarantun farar fata na garin. Su ne na farko.

A shekarar 1965 aka buɗe sabuwar babbar makaranta, wadda nake ba ku labari, yara fari da baƙi suka shiga tare. Abin mamaki, sai aka sa mata sunan T. C. Williams, mutumin nan da ya yi shekaru yana tare ƙofa. Filin da aka gina ta kuwa, unguwa ce ta baƙar fata waɗanda kakanninsu suka zauna wurin tun bayan ƙarewar bauta. Hukuma ta karɓe filayensu, aka tattara waɗanda suka saura a ƴan gidaje dab da makarantar.

Sunan ya zauna shekara 56. A 2020, bayan wani ɗan sanda ya kashe George Floyd a birnin Miniyafolis, zanga-zanga ta tashi ko'ina cikin ƙasar. Ɗalibai da iyaye na Aleksandiriya suka tara sa hannu, suka ce ba su son sunan mai wariya bisa ƙofar makarantarsu. A watan Nuwamba na 2020 majalisar makarantu ta yarda. Ran 1 ga watan Yuli na 2021 makarantar ta ɗauki sunan garin.

RANAR DA NA SHIGA CIKI

Baƙo ba ya shiga makarantar haka kawai. Na yi sa'a lokacin ganawar iyaye da malamai ya faɗo ina can, sai yayana ya tafi da ni. A bakin ƙofa akwai na'urar da ke gano makami, an fara aiki da ita a 2023. Ƙasar da bindiga ta yi yawa, ko makaranta ba ta kwana da ido biyu rufe.

Ginin da ke nan yanzu a 2007 aka buɗe shi, aka rushe tsohon. Ya ci kusan dala miliyan 100. Ina nufin dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Akwai ɗakin littattafai, da ɗakin wasan kwaikwayo, da ɗakin shan magani. Akwai wani ɗaki mai rufi kamar ƙwarya a kife, in an kashe fitila sai a nuna wa yara taurari da tafiyarsu. Abin da ya fi burge ni a matsayina na manomi shi ne wata babbar rijiyar siminti da ke ƙarƙashin ƙasa. Duk ruwan sama da ya zuba bisa rufin ginin, can yake taruwa. Tana ɗaukar lita wajen miliyan 1 da dubu 700, wato tano dubu 8 da 500. Da shi ake kora bayan gida, ana ban ruwan ciyawa. Ƙasar da ba ta rasa ruwa ba ke nan, amma ba ta bari ya zube banza.

Da yara suka yi yawa, waɗansu suka ce a gina babbar makaranta ta biyu. A 2019 majalisa ta ce a'a, makaranta ɗaya za ta zauna, sai dai a ƙara mata gini. Tsoron mutane da yawa shi ne, in aka yi biyu, ɗaya za ta zama ta masu kuɗi, ɗaya ta talakawa, a koma gidan jiya. Saboda haka aka sake gina reshenta mai suna Minnie Howard, ba nisa, aka buɗe shi a 2024. Motoci suna kai yara suna kawo su tsakanin gine-ginen biyu.

YADDA AKE KARATU

Ɗiyar yayana tana aji 11. Ita ta riƙe hannuna tana nuna mini wurare. Hausarta ta ɗan karkace, amma muna fahimtar juna.

Na ce: "Ɗiyata, ina ajinku?"

Ta ce: "Baba, ba mu da aji ɗaya. Kowane malami yana da ɗakinsa, mu ne ke zuwa wurinsa."

Haka ne. Nan gida yara ke zaune, mushe ya shigo ya fita. Can kuwa malami ke zaune, in ƙararrawa ta kaɗa sai yara dubbai su fito, kowa ya nufi ɗakin darasinsa na gaba. Kowane ɗalibi da takardar lokutansa, ba lalle ta yi daidai da ta abokinsa ba.

Ba su da jarrabawa guda ta ƙarshe irin bak, wadda in ka faɗi shekara ta tafi. Kowane darasi da yaro ya bi shekara guda ya ci, ana rubuta masa lamba ɗaya. In ya tara 22, ya kuma ci waɗansu jarrabawoyin jiha, ya samu takardar ƙarewa. Mai son babbar takarda sai ya tara 26. Kamar mai tara damma ne a rumbu, ɗaya bayan ɗaya. Ingilishi da lissafi da kimiyya da tarihi dole ne ga kowa. Saura kuwa yaro ke zaɓa, tare da iyayensa da wani ma'aikaci mai ba da shawara.

Yaro mai ƙoƙari yana iya ɗaukar darussa masu nauyi irin na jami'a tun yana nan, a lissafa masa su in ya shiga jami'a. Tun 2018 makarantar ta haɗa kai da jami'ar George Washington, ana koya wa masu son aikin likita tushen aikin. Nan ɗiyar yayana take, tana son ta zama ungozoma. Akwai kuma sana'o'in hannu cikin makarantar: gyaran mota, dafa abinci, gyaran gashi, ɗaukar hoton talabijin. Mai koyon kanikanci da mai shirin zama lauya ƙofa ɗaya suke shiga, wuri ɗaya suke cin abinci. Ga ƴaƴan marasa hali da suka ƙare, akwai wata ƙungiyar mutanen gari da aka kafa a 1986, tana tara kuɗi kowace shekara tana taimaka musu su shiga jami'a.

A daren ganawar na ga iyaye iri-iri. Ga mutanen Salbado da Honduras, ga Habashawa, ga mutanen Afganistan, ga ƴan Gana da Saliyo. Yaran makarantun garin sun fito daga ƙasashe fiye da 100. Takardun da ake aika wa iyaye, ban da Ingilishi, ana juya su cikin Sifaniyanci da Larabci da Amharanci na Habasha. Uban da ba ya jin Ingilishi ana nemo masa tafinta. Akwai kuma wani sashe musamman na yaran da suka iso ƙasar ba da daɗewa ba. Suna koyon Ingilishi suna bin sauran darussa lokaci guda, ba a ce su jira sai harshe ya zauna ba.

Kada ku ce komi lafiya lau yake. A shekarar 2010 hukuma ta sa wannan makaranta cikin jerin waɗanda sakamakonsu ya daɗe yana ƙasa, musamman a lissafi da karatun Ingilishi. Aka sake shugaba, aka ƙaro masu ba yara shawara. Dalilin a fili yake. Ɗan babban ma'aikaci da ya tashi cikin littattafai, da yaron da ya gudo daga yaƙi yana da shekara 15 bai taɓa riƙe alƙalami sosai ba, ba wuri ɗaya suka fara tsere ba. Makarantar da ke tace yara tun bakin ƙofa, sakamakonta kullum mai kyau ne. Wadda ke karɓar kowa kuwa, sai ta sha wuya. Mu malaman yaƙi da jahilci mun san wannan, don mu ma ba mu korar kowa.

DAREN JUMA'A A FILIN ƘWALLO

A Amurka wasa yana cikin aikin makaranta. Shekara ta kasu uku, kowane lokaci da wasanninsa. Da kaka ana ƙwallon Amurka da gudun nesa. Da sanyi ana ƙwallon kwando da kokowa da iyo. Da bazara ana ƙwallon ƙafa irin namu da tsere da tuƙin kwalekwale, don makarantar tana da gidan jiragen ruwa a bakin kogin Potomak. Ƴan mata ma suna da ƙungiyoyinsu. Wata doka ta 1972 ta hana makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ta fifita maza bisa mata, har a wajen wasa. Ƴan wasan makarantar ana ce musu Taitans, sunan waɗansu ƙattai ne na tatsuniyoyin Girkawa. Rigunansu ja da fari da shuɗi.

Ran wata Juma'a da dare muka je kallon ƙwallon Amurka. Ƙwallon ba mai zagaye ba ne, ya yi kama da gwanda, kuma da hannu ake ɗaukarsa. Kowane gefe mutum 11, sun sa hular ƙarfe da matasai a kafaɗa. Tsawon fili wajen mita 91. Ana ba ƙungiya dama 4 ta ci gaba da mita 9. In ta yi, a sake ba ta 4. In ta kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai shi ƙarshen fili ya samu maki 6. Mai ɗauke da ƙwallo kuwa, kama shi ake yi a kayar. Na ce wa yayana wannan ai kokowa ce da gudu aka haɗa. Ga ɗalibai masu ganguna da ƙahoni suna busa, ga iyaye suna ihu, kamar filin kokowa na Maraɗi ranar da ake neman takobi.

Filin sunansa Parker-Gray, don tunawa da tsohuwar makarantar baƙar fata. Fitilun da suka haske mu kuwa, su ma da labarinsu. Mutanen unguwar nan da aka karɓe wa filaye sun ce tun farko an yi musu alkawari ba za a kafa manyan fitilu su hana su barci ba. Fiye da shekara 50 ana wasa da rana. Da hukuma ta tashi kafa fitilu, suka kai ƙara, sai da aka zauna aka shirya da su. A 2021 aka fara wasan dare.

Abin da ya sa duniya ta san wannan makaranta shi ne ƙungiyar 1971. A shekarar, hukuma ta haɗa manyan ɗalibai na makarantu uku na garin wuri ɗaya, don a ƙarasa kashe wariya. Aka naɗa wani baƙar fata, Herman Boone, shugaban masu horar da ƴan ƙwallo. Bill Yoast, farar fata, wanda ya riga shi daɗewa a aikin, ya yarda ya zama mataimakinsa. Suka kwashi yaran zuwa garin Getisbag, suka yi kwanaki suna horo, fari da baƙi ɗaki ɗaya. Ƙungiyar ta yi wasa 13 ta ci 13. A wasa 9 abokan karawa ko maki ɗaya ba su samu ba. A wasan ƙarshe suka ci 27 da babu, suka zama zakarun jiha. Bayan ƴan kwanaki, ɗaya daga manyan ƴan wasansu, Gerry Bertier, ya yi haɗarin mota, ƙafafunsa suka mutu.

A shekarar 2000 aka yi siliman wannan labari mai suna Remember the Titans, Denzel Washington ya fito a matsayin Boone. Silima ta ƙara gishiri. Ta nuna kamar a 1971 aka fara haɗa yaran, alhali tun 1965 suna tare. Ta nuna kamar ƙwallo ne ya kashe wariya a garin. Gaskiya ƙwallo ya taimaka, don mutanen da ba su gaisawa sun zauna benci ɗaya suna yi wa yara ɗaya kirari. Amma kafin ƴan ƙwallo, akwai mai dafa abincin nan da ta rasa aikinta.

Makarantar ta sake zama zakarar jiha a ƙwallon Amurka a 1984 da 1987, a ƙwallon kwando na maza a 1977 da 2008, a ƙwallon ƙafa kuma a 2014. Dandalin ƙwallon kwando yana ɗauke da sunan Earl Lloyd, ɗan garin da ya ƙare Parker-Gray. Shi ne baƙar fata na farko da ya buga wasa a babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ran 31 ga Oktoba na 1950. Na baya-bayan nan shi ne Noah Lyles, wanda ya ƙare makarantar a 2016. Ran 4 ga Agusta na 2024, a wasannin Olimpik na birnin Paris, ya ci tseren mita 100 cikin daƙiƙa 9,79, ya ɗauki zinariya. Lokacin da na je, wata 2 ke nan da yin abin, ko'ina maganarsa ake.

Amma ga wata doka da na so ku ji. A jihar Birjiniya, ɗalibin da bai ci darussa 5 a zangon da ya wuce ba, ba ya sa rigar makaranta ya shiga gasa, ko da ya fi barewa gudu. Yayana ya ce akwai yara da yawa waɗanda son wasa ne ya riƙe su cikin aji har suka ƙare. Da igiyar wasa ake jan su zuwa ga littafi.

ABIN DA NA KOMO DA SHI

Jama'a, ban ba ku wannan labari don mu raina namu ba. Ba mu da dala miliyan 100, kuma ba a sa ran mu gina irin wannan gobe. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma cikin jirgi, da nake komowa, ba ginin ne ya tsaya mini a rai ba. Matar nan ce mai dafa abinci. Ba ta da kuɗi, ba ta da sarauta. Abin da ta yi shi ne ta sa sunanta bisa takarda, ta ce ƴaƴanta ma suna da hakki. Shekara 66 bayan haka, ɗiyar wani direban taksi daga jihar Maraɗi tana shiga makarantar ba mai tare ta.

Mu nan babu dokar da ta hana ɗan kowa lakwal. Masu tare mana ƙofa su ne nisa, da yunwa, da rashin mai masauki, da talla, da aurar da yarinya tana tsakiyar karatu. Waɗannan ba alƙali zai kore su ba, sai mu da kanmu.

Saboda haka ina kira ga iyaye. In an kira taron iyayen yara a lakwal, ku je, ko ba ku jin Faransanci. Na ga mutanen da ba su jin harshen malami sun je sun zauna gabansa sun tambayi labarin ƴaƴansu. Ina kira ga mutanen manyan garuruwa, na Maraɗi da Tasawa da Madarumfa, da na Damagaram da Tawa. In yaron ƙauye ya samu kolej a garinku, ku ba shi wurin kwana da ɗan abin da ya samu, ku riƙe shi kamar naku. Ina kira ga samari masu shirya ƙwallo da kokowa a ƙauyuka, su tambayi ƙannensu ina aka kwana wajen karatu kafin su sa su cikin wasa.

Ni ma ban tsira ba. Babbar ɗiyata tana aji shida bana. Da na komo gida, kafin in kwance kaya sosai, na hau babur na je garin da kolej take, na nemi wata gwaggonmu da muka daɗe ba mu gaisa ba. Mun yi magana. In yarinyar ta samu wucewa, wurinta za ta zauna, ni kuma in kai hatsi da wake kowane wata.

Da muka buɗe cibiyarmu bayan kaka, na ba ɗalibaina wannan labari, sannan muka shiga darasin rubuta suna. Wata tsohuwa da ta yi sati 2 tana fama da harafin farko na sunanta ta ce in ƙara mata alli.

Wanda ke da labarin yadda ƙauyensu ya warware matsalar masaukin ƴan kolej, ya rubuto wa jarida don saura su amfana.